Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Sarakunan Hausawan Legas da limamanmu, a kan masu tallar maganin ido a ƙofar masallaci

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe iyayenmu Sarakunan Hausawa na Agege, Mile 12, Idi-Araba, Obalende, Alaba Rago da sauran unguwannin Ikko. Allah ya gafarta malamanmu, limaman Juma'a da na hamsu salawati. Ina kuma gaida shugabannin kasuwanninmu, na goro da na gwari da na kara. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya ba ku ikon sauke amanar da ke wuyanku.

Ni ɗanku ne, haifaffen Agege, malamin kimiyya a wata makarantar sakandare. Ba ni da sarauta, ba ni da ƙungiya. Da yawun wasu 'yan'uwa nake magana, 'ya'ya da jikoki da muka san juna a kan bencin asibitin ido, kowa riƙe da hannun tsohonsa tun gari bai waye ba, har muka saba muna tambayar juna ranar da aka ba kowa ya dawo. Su suka ce in rubuta, tunda ni ne mai alli a hannu. In harshena ya yi kaifi a wani wuri, a yi mini uzurin da uba kan yi wa ɗa.

Juma'a uku da suka wuce, a wani masallaci da ba zan kama sunansa ba, liman na sallamewa sai aka miƙa wa wani mai magani lasifikar masallaci. Ya ɗaga wata 'yar kwalba sama ya ce: "Jama'a, Turawa da kansu sun gano. Likitocin Amurka sun tabbatar ganye na maganin makantar tsufa. Ɗigo biyu safe da yamma, kwana arba'in, ka jefar da tabarau." Ina tsaye ina kallon dattawa na laluben aljihun gaba. Wani tsoho kusa da ni ya zaro kuɗi ya kai su dab da kumatunsa, yana dubansu ta gefen ido don ya bambance ɗari biyar da dubu. Da na ga wannan duban na gane ciwonsa, don da shi nake kwana da shi nake tashi a gidanmu. Abin da ya fi ƙona mini rai kuwa shi ne maganar mai kwalbar ba ƙarya ba ce tsagwaronta. Akwai ɗan gaskiya a cikinta, kuma da ɗan gaskiyar nan yake farautar iyayenmu.

Mahaifina dillalin goro ne, yau shekararsa 74. Mutum ne da in ya buɗe huhu, kallo ɗaya zai gaya maka kwana nawa goron zai yi kafin ya fara tsutsa. Shekara biyu da suka wuce, bayan sallar asuba, ya kira ni ya ce a sake masa Alƙur'ani, wannan bugun ba shi da kyau, layukansa sun karkace. Na duba, layuka a miƙe suke sak. Daga baya ya ce dogaran ƙofar ɗakinsa ma sun lanƙwashe. Muka ce gajiya ce. Ya sayi kwalba irin waccan a bakin masallaci, da garin magani da ake sha a kunu, ya yi wata biyar yana ɗigawa yana sha, kowane wata ana kawo sabuwa. Ranar da muka kai shi asibiti, likita ta ɗauki hoton bayan idon da na'ura, ta juyo mana da allon kwamfuta, ta nuna wani farin tabo a tsakiyar idon dama. Ta tambayi yaushe layukan suka fara karkacewa. Da na faɗa mata sai ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce wannan idon ya riga ya yi tabo, amma mu gode Allah na hagu da saura.

Bari in bayyana ciwon, don mafi yawanmu ko sunansa ba mu da shi, komai "ido ya tsufa" muke cewa. A can ƙuryar ƙwayar ido akwai wata shimfiɗa mai laushi da haske ke sauka a kanta, likitoci na kiranta retina. A tsakiyarta akwai ɗan wuri da faɗinsa bai wuce milimita 5 da rabi ba, bai kai ƙwayar wake ba, sunansa makula. Da shi ake karatu, da shi ake zura zare a allura, da shi ake gane fuskar mutum. Idan shekaru suka haura hamsin wurin nan kan fara lalacewa a wasu mutane. Ciwon iri biyu ne. Akwai busasshe, shi ya fi yawa, yana cin gani sannu a hankali cikin shekaru. Akwai kuma mai yoyo, inda wasu ƙananan jijiyoyin jini marasa ƙwari ke tsirowa a ƙarƙashin makula suna tsiyayar da ruwa da jini. Wannan bai kai na farko yawa ba, amma shi ne mai saurin ɓarna, cikin makonni yana iya cinye tsakiyar gani. Wani ƙiyasi da masana suka wallafa a 2014 ya nuna masu ciwon a duniya za su kai miliyan 196 a 2020, su kai miliyan 288 a 2040. Babban abin da ke jawo shi bayan shekaru da gado shi ne shan taba.

Yanzu ga inda mai kwalba ya samo maganarsa. Cibiyar binciken ido ta gwamnatin Amurka ta yi wani babban gwaji da ake kira AREDS, aka fitar da sakamakonsa a 2001. Mutane dubbai aka bi shekara da shekaru. An ba wasu haɗin bitamin C da bitamin E da bita-karotin da sinadarin zink da ɗan tagulla, wasu kuma aka ba su ƙwaya wofi ba tare da sun sani ba. Cikin waɗanda ciwonsu ya kai matsakaicin mataki, kimanin 28 cikin 100 na masu shan ƙwaya wofi ciwon ya tsananta musu cikin shekara biyar, masu shan haɗin kuwa kimanin 20 cikin 100. Ragi ne na gaske, amma ku lura ko a cikin masu shan maganin mutum ashirin sun ci gaba da rasa gani, kuma babu wanda ganinsa da ya tafi ya dawo. Waɗanda ciwon bai kama su ba, haɗin bai hana shi zuwa ba. Daga baya aka yi zagaye na biyu, AREDS2, da mutum sama da 4,000, aka kammala a 2013. A nan ne aka cire bita-karotin aka sa wasu sinadarai biyu na tsirrai, lutin miligiram 10 da ziyazantin miligiram 2. Su ne ke ba makula launinta na rawaya, suna tace haske mai cutarwa, kuma jiki ba ya iya ƙera su, sai an ci. Lutin da ke cikin ƙwayoyin nan daga wani fure mai ruwan ɗorawa ake tatso shi, ana kiransa marigol. Ziyazantin kuwa sunansa ma daga sunan masara a harshen masana tsirrai aka samo shi.

Dalilin cire bita-karotin ya kamata kowane mai cewa "ai ganye ne, ba ya illa" ya ji shi da kunnensa. Sinadari ne na karas da manja, ba wani baƙon abu ba. Amma da aka tattara shi da yawa a ƙwaya aka ba masu shan taba da waɗanda suka taɓa sha, sai aka ga sankarar huhu ta ƙaru a cikinsu. Bibiyar shekara goma da aka wallafa a 2022 ta nuna haɗarin ya kusan ninkawa ga waɗanda aka ba shi, lutin da ziyazantin kuwa ba su jawo haka ba. Shi ya sa tambayar farko da likita ta yi wa mahaifina kafin ta rubuta masa ƙwaya ita ce ko ya taɓa shan sigari. Ya sunkuyar da kai ya ce a ƙuruciya, zamanin da yake bin jirgin ƙasa da goro zuwa Kano. Mai kwalba bai taɓa tambayarsa komai ba sai "guda nawa za a ba ka, Alhaji?" Yau kullum da safe mahaifina na haɗiyar maganin fure saboda idonsa na hagu, kuma asibiti ce ta rubuta masa.

Akwai wasu tsirran da masana ke bincike a kansu. An gwada za'afaran, miligiram 20 a rana, a ƙananan gwaje-gwaje a Italiya da Ostareliya, aka ga ɗan ci gaba a aikin makula ga masu ciwo na farko-farko, amma mutanen da aka gwada kaɗan ne, lokacin ma gajere. Sinadarin gangamau da na ɓawon inabi sun nuna alamun kare ƙwayoyin ido a ɗakin gwaji da jikin ɓeraye, sai dai hanji ba ya tsotsarsu da kyau, abin da ke isa jini ɗan kaɗan ne. Duk wannan nema ne ake yi, ba a kai ga samu ba. Tsakanin "ya yi aiki a kan ɓera" da "ɗiga wa mahaifinka" akwai tafiyar shekaru.

Kada a ɗauka ina raina maganin gargajiya. Kakata da sassaƙe da saiwa ta raine mu. Kuma tarihin maganin ido na duniya yana da bashin ƙasar nan a kansa. Akwai wani wake mai dafi a Kalaba da mutanen can ke ba wanda ake tuhuma da maita ya sha. 'Yan mishan suka kai shi Sikotlan, likitocin Edinbara suka gano a shekarun 1860 yana tsuke ɗan bakin ido, a shekarun 1870 kuma aka fara amfani da sinadarinsa wajen sauke hawan ruwan ido da ake kira gilakoma. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yau tushensa wani ganye ne na ƙasar Sin, har matar da ta jagoranci gano shi, Tu Youyou, ta sami kyautar Nobel a 2015. Amma kowane ɗaya cikin waɗannan sai da aka ware sinadarin, aka auna shi, aka san adadin da ke warkarwa da adadin da ke kisa. Waken Kalaba ɗin nan, in ka ci shi yadda yake, kabari ne.

Ranku ya daɗe, ga koke-kokenmu.

Na farko shi ne aron mutuncin masallaci da na fadar Sarki. Tsohon da ba zai saurari mai mota da lasifika a Oshodi ba, in ya ji magana ta fito daga lasifikar da aka kira salla da ita, ko ya ga mai magani zaune a inuwar ƙofar Sarki, ya gama yarda. A wurinsa liman ya sa albarka. Na san ba da mugun nufi ake ba su dama ba, wani ɗan'uwa ne, wani ya ba da gudummawar man janareta. Amma kuɗin da dattawa ke miƙawa amincewarsu da ku ce ake karɓa.

Na biyu, kuma shi ne mafi girma, jinkiri. Ciwon nan mai yoyo yana da magani a asibiti. Allura ce da ake yi a cikin ƙwayar ido bayan an kashe zafin wurin, tana hana miyagun jijiyoyin nan tsiro. An fara amfani da irinta sosai tun 2006 da aka amince da wani maganin allurar mai suna Lucentis a Amurka, kuma wani babban gwaji a 2011 ya nuna Avastin, wanda ya fi shi arha nesa ba kusa ba, yana aiki kusan daidai da shi. A gwaje-gwajen farko kusan tara cikin goma na waɗanda aka yi wa allurar ganinsu ya tsaya bai ci gaba da zubewa ba, kusan ɗaya cikin uku ma ya ƙaru. Ana yin ta a nan Legas. Sai dai tana aiki ne kafin wurin ya yi tabo. In ya yi tabo, ko wace allura aka kawo an makara. Kwana arba'in ɗin da mai kwalba ke cewa a jira, sannan in ba a ga canji ba ya ce "ciwon ya daɗe a jiki, a ƙara kwalba biyu", su ne ainihin kwanakin da za a iya ceton idon. Kuɗin da mahaifina ya kashe a wata biyar ba su dame ni ba, Allah ya mayar da alheri. Watannin ne ba sa dawowa. Ba na zarginsa, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, balle an ce masa a asibiti allura za a soka masa a ido.

Na uku, abin da ake zubawa a idon. Makula tana can baya. Ruwan ganye da aka ɗiga a gaban ido ba ya ratsawa ya isa inda take, shi ya sa likitoci ke kai magani da allura. Abin da ɗigon zai iya kaiwa shi ne gaban ido, nan kuwa ɓarna yake yi: ƙwayoyin cuta daga ruwa marar tsabta, ƙuna, gyambo a baƙin ido. A cikinmu akwai wata baiwar Allah daga Mile 12 da mahaifiyarta ta je da ciwo ɗaya ta koma da biyu, ga dusashewar gani ga gyambo, saboda wani haɗi mai yaji da aka ce mata zafinsa alamar yana aiki ne. Haka kuma akwai ɗigon bature na kashe jan ido da ake saye a kemis ba takardar likita. Wasunsu in aka daɗe ana ɗigawa suna tayar da hawan ruwan ido su kashe jijiyar gani ba tare da mutum ya ji ciwo ba.

Na huɗu, lambar hukuma. Da ka yi musu da mai magani sai ya juya kwalba ya nuna maka lambar NAFDAC. Mutanenmu ba su san cewa lambar da ake ba yawancin magungunan gargajiya, mai harafin L a ƙarshe, shaida ce ta cewa an duba ba a ga guba a ciki ba. Ba shaida ba ce ta cewa yana warkar da abin da aka rubuta. A jikin kwalin ma akan rubuta da Turanci, da ƙananan baƙaƙe, cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Mai dusashewar tsakiyar gani, wanda ko da Hausa aka rubuta ba zai iya karantawa ba, shi ake sayar wa.

Koke na ƙarshe ba a kan masu magani ba ne, a kanmu ne. Mai wannan ciwo ba ya makancewa ɗungurungum. Gefen ganinsa na nan. Mahaifina na tafiya masallaci shi kaɗai, yana tsallake kwata, yana kauce wa Keke Marwa. Amma in ka tsaya a gabansa, inda fuskarka take wani duhu-duhu yake gani, sai ka yi magana ya gane ka. Abokan cinikinsa na shekara arba'in suka fara cewa Alhaji ya yi girman kai, yana kallon mutum ya wuce ba gaisuwa. Wani ma ya ce makantar ƙarya ce, tunda an gan shi ya tsinci tsintsiya a ƙasa. Ya daina zama a rumfa saboda kunya. Sannan akwai wani abu da ya ɓoye mana kusan wata uku: da magariba yakan ga zane-zane kamar na darduma a bango, wani lokaci har ƙananan mutane cikin riguna masu launi suna wucewa shiru. Ya ɗauka ko hankalinsa ne ya taɓu, ko an yi masa turen iska. Da ƙyar ya faɗa wa likita, ita kuwa ko mamaki ba ta yi ba. Ta ce abu ne sananne ga masu raunin gani, ƙwaƙwalwa ce ke cike gurbin da ido ya bari, wani masani ɗan Suwizalan mai suna Charles Bonnet ya bayyana shi tun 1760 a kan kakansa. Ranar ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba. Tsofaffi nawa ne a zangonninmu ke ɗauke da wannan tsoro su kaɗai?

Gaskiyar magana ma, yawancin tsofaffinmu da ganinsu ya dushe ba wannan ciwon ke damunsu ba. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya gano kimanin mutum 4 cikin 100 na 'yan shekara arba'in zuwa sama makafi ne, kuma kashi 43 cikin 100 na makantar yanar ido ce, gilakoma na bi mata da kusan kashi 17. Kashi 84 cikin 100 abin da za a iya kaucewa ne ko a warkar. Yana, aikin da bai kai awa ɗaya ba ke cire ta mutum ya koma gani. Gilakoma na son ɗigo na musamman kullum. Ciwon suga na cin bayan ido ta tasa hanyar. Ciwo huɗu, magani huɗu daban-daban, babu mai bambance su sai wanda ya leƙa cikin idon da na'ura. Mai kwalba kuwa kwalba ɗaya gare shi ga kowa.

Saboda haka muna roƙonku, don Allah don Annabi.

A daina ba duk mai tallar maganin ido lasifikar masallaci, ko harabarsa, ko ƙofar fada, ko rumfar ƙungiyar kasuwa. Ba mu ce a hana kowa neman abincinsa ba. Mai maganin basir da na sanyi wannan wata magana ce ta daban. Amma wanda ke cewa a zuba abu a ido, ko yake alkawarin dawo da ganin tsoho, a nemi ya nuna rajistarsa da hukumar kula da maganin gargajiya ta Jihar Legas da izinin talla daga NAFDAC. In ba shi da su, shugabannin kasuwa su kai rahoto. Malamanmu sun fi ni sanin hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba, to alhakin abin da ya faru na wuyansa. Muna so mu ji shi a kan mumbari, kusa da hadisin da ke cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, wanda masu kwalba suka haddace suka bar ɗan'uwansa.

Muna roƙon limamai su ware huɗuba ɗaya a shekara kan amanar ido. Ranar Gani ta Duniya na faɗowa ne Alhamis ta biyu a watan Oktoba, Juma'ar da ke biye ta dace. A koya wa jama'a gwajin da ba ya cin ko sisi: mutum ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, ya dubi dogaran ƙofa ko layin tayil ko layin rubutu, sannan ya sauya ido. In layi ya karkace, ko tsakiya ta yi duhu, a tafi asibiti cikin makon nan, kada a jira bayan salla ko sai an sayar da kaya. Rufe ido ɗaya ɗin shi ne sirrin, don ido mai lafiya kan rufa wa ɗan'uwansa asiri har ɓarna ta yi nisa. A kuma faɗa wa mata, don iyayenmu mata da ba sa fita su ne na ƙarshe da ake kaiwa asibiti. Mai shan taba kuma a gaya masa ba huhu kaɗai take ci ba.

Muna roƙon Sarakuna su yi amfani da ƙafar da suke da ita a wurin gwamnati. Asibitin koyarwa na Idi-Araba, mai babbar cibiyar ido, katanga ce kawai tsakaninsa da unguwar Hausawa. Ga na Ikeja kusa da mu 'yan Agege. A nemi su riƙa turo ma'aikata zangonninmu ko sau biyu a shekara, a duba bayan idon duk wanda ya haura hamsin, ba rabon tabarau kawai a ɗauki hoto a watse ba. A samar da matasa masu jin Hausa da Yarbanci da Turanci da za su riƙa raka tsofaffi, don da yawa ba tsoron allura ke hana su komawa ba, rashin fahimtar abin da likita ya ce ne. Kuma tunda allurar ba sau ɗaya ake yi ba, ana farawa ne wata-wata, ga ta da tsada, a duba yiwuwar ware wani kaso na zakka da asusun kasuwanni domin masu gadi da 'yan dako da suka tsufa a Ikko ba su tara komai ba.

Ga masu maganin gargajiya na gaskiya, waɗanda suka gada kuma suke tsoron Allah, ƙofa a buɗe take. Hukumar bunƙasa magungunan gargajiya ta ƙasa tana nan Victoria Island, ga jami'o'i. Wanda ya yi imani yana da ganyen da ke taimakon ido ya kai a auna. Mutanen da aka yi gwajin AREDS a kansu kusan duka Turawa ne, abincinsu daban, jininsu daban. Mu ma muna so a yi irin wannan aiki a kan zogale da alayyafo da rama da ugu, da mutanenmu. Sarakuna na iya zama tsani tsakanin ɓangarorin biyu.

Kafin nan, abin da ke hannunmu shi ne tukunya. Ganyaye masu duhun kore, masara mai rawaya da gwaiduwar ƙwai duk suna ɗauke da lutin ko ziyazantin, kuma jiki ya fi tsotsarsu in an haɗa da ɗan mai, kamar yadda kwaɗon zogale ke zuwa da ƙuli da man gyaɗa. Wannan abinci ne mai amfani ga ido, ba ya maye gurbin likita. Abin takaici, mu ne ke sauke wa Legas kayan gwari a Mile 12 tun tsakar dare, amma je ka duba abin da ɗan kasuwar kansa ke ci: shayi da burodi da safe, taliyar leda da dare. A faɗa wa masu abincin sayarwa a kasuwanninmu su dawo da miyar ganye.

Mu da muka rubuta wannan a shirye muke mu zo duk fadar da aka kira mu, mu kawo takardun gwajin layi da za mu buga da kuɗinmu a raba a masallatai, da bayani a boko da ajami. Mahaifina ya ce in za a yi zaman a Agege a sanar da shi, zai zo da kansa ya yi wa tsaransa bayanin allurar da ya guje wa, ya ce kuma a gaya musu tun yanzu duk wanda ya zo gaishe shi ya fara da faɗin sunansa.

Allah ya ja zamaninku, ya ƙara wa malamanmu lafiya.

Wassalam.

Ɗanku, malamin makaranta daga Agege, a madadin masu rakiyar iyaye asibitin ido.